Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Wi-Fi Ɗinka?

A watan Mayun 2010 kamfanin Google ya amsa wani laifi da ya girgiza hukumomi a Turai da Amurka. Motocinsa da ke zagaya birane suna ɗaukar hoton tituna don taswirar Street View, ashe har da wani abu suke kwasa. Duk gidan da suka gifta wanda Wi-Fi ɗinsa ke buɗe, eriyar motar tana tsintar guntayen abin da mutanen gidan ke aikawa a lokacin. Daga baya ya tabbata akwai wasiƙun imel da adireshin shafuka da kalmomin sirri a ciki. Abin da aka tara ya kai gigabait 600, daga ƙasashe sama da 30. Ba a haura katangar kowa ba. Mota ce ta wuce ta ƙofar gida da kunne a buɗe.

Rautar da ke kan tebur, ko ƙaramar MiFi ta aljihu, tashar rediyo ce. Tana watsa saƙo a kan zangon gigahaz 2.4 ko 5, kuma saƙon bai san inda filin gidanka ya ƙare ba. Duk mai eriya a kusa yana jin sa, kuma babu saitin da zai hana shi ji. Abin da ake iya yi ɗaya ne: a cakuɗa saƙon yadda wanda ya ji ba zai gane ba, kamar 'yan mata biyu da ke zaurance a tsakiyar taro, kowa na jin muryarsu amma maganar tasu ce su kaɗai. Kalmar sirrin da kake rubutawa a rauta ita ce tushen wannan cakuɗawa.

Mutanenmu galibi wani abu dabam ke damunsu. Tambayi mai rauta a Kano ko Maraɗi dalilin da ya sa ya sa faswod, zai ce maka don kada yaran maƙwabta su shanye masa data. Gaskiyarsa, data kuɗi ce. Amma wanda ya ɗauki kalmar sirri a matsayin maganin yaran unguwa kawai, zai zaɓi wadda ta isa ta hana yaro, kuma wadda ta isa ta hana yaro ba ta kai ta tsayar da kwamfuta ko na minti goma ba. Injiniyoyi sun shafe sama da shekara 20 suna gyara nasu ɓangaren, sun yi kuskure sun gyara, har suka kai matsayin da lissafin cakuɗawar ya yi ƙarfi. Raunin da ya rage yanzu yana hannun wanda ke cike akwatunan saiti.

Kuskuren farko sunansa WEP. Ya zo tare da ƙa'idar 802.11 da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997, da burin ba wa hanyar iska sirri daidai da na wayar kebul. Ya dogara da lissafin RC4 wanda Ron Rivest ya ƙirƙira a 1987. Mabuɗinsa na asali bit 40 ne kacal, saboda a lokacin dokar Amurka ta taƙaita ƙarfin fasahar ɓoye saƙo da za a fitar ƙasashen waje. Da aka sassauta dokar sai aka ƙara shi zuwa bit 104. Waɗanda suka haɗa rauta a farkon shekarun 2000 za su tuna wahalarsa: sai ka rubuta alamomi 10 ko 26 daga lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, akwai gurbin mabuɗi har huɗu, kuma idan rauta tana kan gurbi na ɗaya kwamfuta tana kan na biyu, haka za ka wuni kana zargin kamfanin intanet.

Tsawon mabuɗin bai taɓa zama ainihin ciwon ba. Ga kowane ƙunshin bayani da za a aika, WEP yana liƙa wa mabuɗin wata lamba mai bit 24 don kada ƙunshi biyu su fito da cakuɗa iri ɗaya, kuma wannan lamba a fili ake aika ta. Bit 24 yana ba da lambobi miliyan 16.7 da 'yan kai. Da jin adadin sai ka ce ya isa, amma lissafin dace ya nuna cewa bayan ƙunshi wajen 5,000 an riga an kai rabi da rabi cewa wata lamba ta maimaitu, kuma rauta mai aiki tana aika hakan cikin ɗan lokaci. A farkon 2001 Nikita Borisov da Ian Goldberg da David Wagner na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana wannan da wasu ramukan. A watan Agustan shekarar Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir suka nuna abin da ya fi muni: wasu daga cikin lambobin suna tsiyayar da labarin mabuɗin kansa, kaɗan-kaɗan, har a tattara shi duka. A 2007 masu bincike uku a Darmstadt ta Jamus, Erik Tews da Ralf-Philipp Weinmann da Andrei Pyshkin, suka fasa mabuɗi mai bit 104 cikin ƙasa da minti ɗaya. Ƙunshi 40,000 ya ba su rabin damar nasara, 85,000 ya ba su kashi 95 cikin 100.

Gargaɗin masana bai motsa 'yan kasuwa ba sai da asara ta zo. A Janairun 2007 kamfanin TJX na Amurka, mai shagunan T.J. Maxx da Marshalls, ya sanar cewa an yi masa kutse, daga baya ya ce lambobin katin kuɗi aƙalla miliyan 45.7 aka sace. Ɓarayin sun fara shiga ne tun 2005 ta Wi-Fi ɗin shagunan Marshalls, wanda ke kan WEP shekara huɗu bayan duniya ta san ya fashe. An yanke wa jagoransu Albert Gonzalez hukuncin ɗaurin shekara 20 a Maris ɗin 2010, kuma ƙa'idar kamfanonin katin kuɗi ta haramta WEP kwata-kwata daga ƙarshen Yunin shekarar. Duk da haka har yau za ka ga sunansa a jerin zaɓin wasu tsofaffin rautoci, musamman na gwanjo. Wanda ya zaɓe shi, ko kalmar sirrinsa ta kai tsawon layi guda, bai kulle komai ba.

A 2003 ƙungiyar kamfanonin Wi-Fi ta fito da WPA a matsayin maganin wucin gadi. Tsarinsa na TKIP yana nan kan RC4, don tsofaffin na'urori su iya ɗaukarsa ba tare da an sake sayen sabbi ba, sai dai yana canza mabuɗi ga kowane ƙunshi. Gyaran gaske ya zo a Yunin 2004 da ƙa'idar 802.11i, wadda kasuwa ta sani da WPA2. Ita ta koma kan AES, lissafin da 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Daga Maris ɗin 2006 babu sabuwar na'urar da za ta sami tambarin Wi-Fi sai tana da WPA2. TKIP kuwa ya fara tsagewa a 2008, aka kuma yi masa ritaya a ƙa'idar 2012. Ga wanda batun tsaro bai dame shi ba, akwai wani dalilin guje masa: rautar da aka sa wa TKIP ba ta wuce gudun megabit 54, komai tsadarta. Saboda haka idan jerin zaɓi ya nuna TKIP da AES da haɗin su biyun, AES shi kaɗai ake ɗauka.

To, me ke faruwa da kalmar da ka rubuta? WPA2 yana karɓar alamomi 8 zuwa 63. Rauta tana haɗa su da sunan Wi-Fi ɗin, ta niƙa su ta wani lissafi sau 4,096, sai babban mabuɗi mai bit 256 ya fito. Wayarka ma haka take yi a nata ɓangaren. Lokacin haɗuwa sai su yi musafaha mai saƙo huɗu: kowacce ta kawo wata lamba ta ka-cici-ka-cici, a gauraya da babban mabuɗin da lambobin shaidar na'urorin biyu, a fitar da mabuɗin wucin gadi na wannan zaman kaɗai. Kalmar sirrin kanta ba ta taɓa bi ta iska. Dabara ce mai kyau, amma tana da ƙofa ɗaya. A cikin saƙonnin musafahar akwai ɗan hatimi da kowane ɓangare ke bugawa don nuna ya san mabuɗin. Wanda ya naɗi musafahar zai iya tafiya da ita gida, ya riƙa gwada kalma bayan kalma yana duba wadda za ta fitar da hatimi iri ɗaya.

Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Suna hasashen ɓarawo a tsaye bayan katanga yana danna kalmomi a waya ɗaya bayan ɗaya har ya gaji. Ainihin aikin naɗar musafaha sakan kaɗan ne, kuma ba sai ya jira ba: yana iya aika saƙon bogi da zai tsinke wayarka daga rauta, ta sake haɗuwa da kanta, ya naɗa. A Agustan 2018 Jens Steube, mai manhajar fasa kalmomin sirri ta hashcat, ya nuna cewa rautoci da yawa ma suna miƙa abin da ake buƙata ko babu waya ko ɗaya a haɗe. Sauran aikin a ɗakinsa zai yi, rautarka ba ta sani ba, balle ta kulle shi bayan kuskure uku. Niƙa sau 4,096 ɗin nan an sa shi ne don rage masa gudu, amma an yanke adadin ne da ƙarfin kwamfutocin 2004. Katin hoto mai kyau na kwamfutar wasanni a yau yana gwada kalma wajen miliyan ɗaya a sakan guda.

A 2021 wani mai bincike a kamfanin CyberArk, Ido Hoorvitch, ya zaga unguwannin Tel Aviv da kayan da ba su wuce dala 50 ba a jakarsa, ya tattaro samfurin Wi-Fi 5,000. Ya fasa sama da kashi 70 cikin 100. Bai fara da wata dabara mai zurfi ba. Ya san mutanen garin suna son sa lambar wayarsu, lambobin Isra'ila kuma 10 ne masu farawa da 05, saura lamba 8 ke nan. Wannan zato kaɗai ya buɗe masa sama da 2,000. Sauran ya bi su da jerin kalmomin sirri da aka sace daga kamfanin RockYou a 2009, jerin da ke yawo a intanet da kalmomi sama da miliyan 14.

Wannan ɗabi'a tamu ce sak. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce, kuma tsawonta yana sa mai ita ya ji ya yi ƙoƙari. Amma kusan duk lambobin salula suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091. Saura lamba 8 a bayan kowanne, wato miliyan 100 sau biyar, miliyan 500. A gudun miliyan ɗaya a sakan, ba a cika minti 10 ba an gama da lambar kowa a ƙasar. Ta Nijar ta fi sauƙi, don lamba 8 ce gaba ɗaya, daidai da mafi ƙarancin abin da rauta ke karɓa, ba ta kai minti biyu ba. Wannan ma ga wanda bai san ka ba ke nan. Lambar mai shago ai tana rubuce a allon ƙofar shagon.

Lissafin yana juyawa da sauri idan aka ƙara tsawo. Ƙananan haruffa 8 da aka zaɓa barkatai suna ba da haɗi biliyan 209, aikin kwana biyu da rabi. Alamomi 12 na ƙananan haruffa da lambobi, su ma barkatai, suna buƙatar shekara wajen 150,000 a wannan gudun. Kalmar "barkatai" ita ke ɗauke da nauyin. Sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, sunan kulob ɗin ƙwallo da lambar ɗan wasa, sunan gari da 123, duk suna cikin zaton farko. Karin magana ko addu'ar da kowa ya haddace tana da tsawo a ido, amma ga mai jerin jimlolin Hausa zato ɗaya ce tak. Akwai masu cewa Hausa kariya ce tunda jerin ɓarayi na Turanci ne. A ganina wannan dogaro ne da ragwancin ɓarawo, kuma wanda ke zaune a unguwarku Hausar yake ji.

Abin da ya fi dacewa da gida shi ne kalmomi huɗu ko biyar da babu abin da ya haɗa su, a raba su da lamba ko alama, irin a ce tukunya da jirgi da damina da alewa da sirdi. Suna da sauƙin karanta wa baƙo, suna da sauƙin dannawa da rimot ɗin talabijin, tsawonsu kuma ya wuce alamomi 25. Sai dai a kula da abu ɗaya da ya shafi rubutunmu: ƙa'idar ta tanadi haruffan Turanci na yau da kullum ne da lambobi da alamomin allon rubutu. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa ciki. Wata na'urar za ta karɓe su, wata ta fassara su ta wata hanya, firinta ko kyamara kuma ba ta da inda za a danna su. A zaɓi kalmomin da ba su da su. Rubuta kalmar sirrin a takarda a ajiye a aljihun tebur ba laifi ba ne, wanda ake tsoro yana waje ne, ba ya ganin takardar.

Sunan Wi-Fi ɗin ma ya cancanci a canza shi, tunda yana shiga niƙan. Sunayen da kamfani ke sa wa dubban na'urori iri ɗaya, an daɗe da yi musu lissafi a ajiye. Sunan da ke faɗin samfurin rauta kuma yana gaya wa mai kutse ramukan da zai nema. Kalmar sirrin da ke manne a ƙarƙashin na'ura fa? Ta wasu kamfanoni doguwa ce barkatai, babu laifi. Ta wasu lamba 8 ce zalla. A 2015 masu bincike a Jami'ar Radboud ta Holan suka nuna cewa rautoci da dama a ƙasar suna ƙirƙiro tasu ne daga lambar shaidar na'urar, wadda ake iya gani ta iska. Mai rauta ba shi da hanyar sanin rukunin da tasa ta faɗa, don haka canzawa ta fi.

Saitin kansa bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Ana buɗe burauza a rubuta adireshin rauta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1, yana dai rubuce a jikinta. Wasu, irin Starlink, ta manhajar waya ake yi. Shafin zai nemi suna da kalmar sirri, kuma wannan ita ce ta biyu da yawancin mutane ba su san da ita ba: ta shugabancin na'urar, dabam da ta Wi-Fi. A na'urori masu yawa tana nan yadda ta fito daga kwali, "admin" sama "admin" ƙasa. Duk wanda ka ba Wi-Fi ɗinka, ko ya same shi ta wata hanya, zai iya shiga wannan shafi ya karanta komai, ya canza komai, har ya karkatar da masu neman shafin banki zuwa na bogi. Irin waɗannan kalmomin kwali, guda 60 da 'yan kai, su manhajar Mirai ta riƙa gwadawa a 2016 ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, aka yi amfani da su a ranar 21 ga Oktoba aka durƙusar da Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na sa'o'i. Birtaniya ta kai ga haramta sayar da na'ura mai irin wannan kalma daga Afrilun 2024. Idan rautar tana da zango biyu, 2.4 da 5, a duba kowanne, don wasu suna ware musu saiti, sai a gyara ɗaya a bar ɗaya a tsohon hali.

Kafin a rufe shafin akwai WPS, kuma a nan ba na sassautawa: a kashe shi. An kawo shi ne don sauƙaƙa wa mutane, a danna maɓalli ko a sa lamba 8 maimakon doguwar kalma. A Disambar 2011 wani ɗalibi ɗan Ostiriya, Stefan Viehböck, ya gano cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, tana faɗin ko rabin farko daidai ne, sannan lamba ta ƙarshe ta tantancewa ce da ake lissafowa daga sauran. Maimakon zato miliyan 100 sai ya koma 10,000 da 1,000, jimla 11,000, aikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya ci lambar kuma, rauta da kanta za ta miƙa masa kalmar sirrin, komai tsawonta. A 2014 Dominique Bongard ya nuna cewa a wasu na'urorin gwaji ɗaya ma ya isa. Sabbin rautoci suna kulle WPS bayan kuskure kaɗan, amma sauƙin da yake bayarwa bai kai a bar shi kunne ba.

Akwai dabaru biyu da masu haɗa rauta ke son nuna gwaninta da su. Ɗaya ɓoye sunan Wi-Fi, ɗaya tace na'urori ta lambar shaidarsu. Sunan da aka ɓoye yana bayyana da zarar wata waya ta haɗu, lambar shaida kuma a fili take yawo, kwaikwayonta aikin minti ɗaya ne. Ga shi tun Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙiro lambar bogi da kansu, sai tacewar ta koma wahalar da mai gida kawai.

WPA2 ya sha babban duka sau ɗaya. A Oktoban 2017 Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven ta Beljiyam ya bayyana harin KRACK, inda ake maimaita saƙo na uku na musafaha a tilasta wa waya ta sake ɗora mabuɗin da ta riga ta yi amfani da shi. A Android 6.0 da wasu na'urorin Linux abin ya kai mabuɗin ya koma sifili zalla. Jaridu sun yi ta shelar mutuwar WPA2, amma ramin ya toshu da sabunta manhaja, kuma canza kalmar sirri bai da tasiri a kansa ko kaɗan. Wanda ya sabunta wayarsa da rautarsa ya fita. Wanda ke riƙe da na'urar da kamfaninta ya daina waiwaya, yana nan da ramin har yau.

WPA3, wanda aka ƙaddamar a Yunin 2018 ya kuma zama dole ga sabbin na'urori masu tambari daga Yulin 2020, ya nufi ainihin ciwon ne. Sabuwar musafaharsa, SAE, ba ta barin hatimin da za a tafi da shi gida. Kowane zato sai an yi shi kai tsaye da rauta, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya naɗi zirga-zirgarka yau ya sami kalmar sirri gobe ba zai iya warware ta jiya ba, kuma saƙon bogin da ke tsinke waya ya daina aiki. Shi ma bai fito tsaf ba, Vanhoef da Eyal Ronen sun sami ramuka a cikinsa a Afrilun 2019, aka toshe. Matsalarsa ta yau da kullum ita ce tsofaffin kaya. Talabijin ko firinta ko wayar da ta kwana biyu ba ta jin WPA3, sai a koma zaɓin haɗaka na WPA2 da WPA3. A wannan yanayi kalmar sirri ɗaya ce ke aiki a ɓangarorin biyu, kuma mai kutse zai iya jawo waya ta yi musafahar tsohon salo ya naɗa. Hukuncina shi ne WPA2 da AES da kalmomi biyar barkatai ya fi haɗakar da aka sa wa lambar waya nesa ba kusa ba. Wanda duk na'urorinsa ke jin WPA3, ya sa shi zalla. A zangon gigahaz 6 na sabbin rautoci ma ba a yarda da WPA2 ba sam.

Sauran batun ba na lissafi ba ne. Mabuɗin gida ɗaya ne ga kowa, kuma a al'adarmu hana baƙo faswod abin kunya ne. Ka ba ƙaninka, ya ba abokinsa. Tun Android 10 waya tana nuna kalmar a matsayin hoton QR da wani zai ɗauka cikin sakan biyu, don haka dabarar "kawo wayar in sa maka da kaina" ta daina aiki. A WPA2, wanda ya san kalmar ya kuma naɗi musafahar wayarka zai iya warware abin da ke tsakaninta da rauta. A yi adalci, wannan bai kai muninsa na 2010 ba: WhatsApp da manhajojin banki da mafi yawan shafuka suna da nasu kullen a sama da na Wi-Fi, ba zai karanta saƙonka ba. Amma zai ga wuraren da kake ziyarta, zai kai ga kyamarar tsaro da firinta da kwamfutar da ke ajiye lissafin shago. Maganin yana cikin rautoci da yawa ba a taɓa shi ba, wato Wi-Fi na baƙi: suna dabam, kalma dabam, yana ba da intanet amma ba ya barin a ga sauran na'urorin gida. Shi ake ba kwastoma da maƙwabci da ɗan biki, a canza shi duk lokacin da aka ga dama ba tare da an taɓa na ciki ba.

Makaranta ko asibiti ko ofis mai ma'aikata da yawa bai kamata ya zauna kan kalma ɗaya ba tun farko. Akwai tsarin ma'aikatu na 802.1X, inda kowa ke shiga da sunansa da kalmarsa, wata kwamfuta mai suna RADIUS tana tantancewa. Da shi eduroam ke aiki, wanda ya faro daga Holan a farkon shekarun 2000, ɗalibi ya shiga Wi-Fi ɗin jami'ar wata ƙasa da shaidar jami'arsa. Idan ma'aikaci ya bar aiki, sunansa kawai ake gogewa.

Akwai kuma tambayar wa zai amsa idan aka yi ɓarna ta layinka. A Mayun 2010 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke hukunci kan wani mutum da aka raba waƙa ba bisa ƙa'ida ba ta Wi-Fi ɗinsa alhali yana hutu a wani wuri. Kotun ba ta ɗora masa diyya ba, amma ta ce wajibinsa ne ya kulle rautarsa da kalmar kansa maimakon ta kwali. Sai a 2017 aka sassauta dokar. A Najeriya, tun umarnin Disambar 2020 na haɗa kowane layi da lambar NIN, sim ɗin da ke cikin rauta ko MiFi yana ɗauke da sunan mutum guda. Idan wani ya yi damfara ta cikinsa, sawun farko da masu bincike za su bi zai kai su ƙofar mai sim ɗin ne.

Ba a buƙatar canza doguwar kalmar sirri duk wata, yawan canji ma yakan sa mutane su koma gajeru. Ana canza ta ne idan wanda ya san ta ya tafi: ɗan haya ya tashi, yaron shago ya bar aiki, waya ta ɓata, ko mai haɗa rauta ya gama aikinsa, don shi ma ya tafi da ita a wayarsa. Haka idan an danna ɗan ramin sake-saiti da ke bayan na'ura, komai ya koma na kwali, har da "admin" da WPS, sai an sake bi daga farko. Ranar canjin, gara a yi shi da kwamfuta a haɗe da kebul in da hali, don da zarar an adana duk na'urorin iska za su tsinke. Wayar da ta ƙi haɗuwa, a sa ta manta da tsohon Wi-Fi ɗin sannan a sake shiga. Kyamarori da firinta su ne masu cin lokaci, wasunsu sai an mayar da su saitin farko kafin su karɓi sabuwar kalma, shi ya sa ya fi sauƙi a fara da su tun da rana.